Tafiyar da Ba a Ƙirga Ba: Keke a Ƙasar Auyo da Haɗejiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Auyo zuwa Haɗejiya da sassafe, a lokacin hunturu, ya san abin da za mu faɗa. Kafin rana ta ɗaga, kekuna sun riga sun cika gefen titi. Wani ya ɗaure buhun shinkafa a kariya, wani kwandon tattasai, wani kwalin busasshen kifi, wani kuma jarkoki huɗu da fartanya a tsakani. Ga 'yan makaranta, babba yana tuƙi, ƙaninsa na goye a baya. Babu wanda ya sa hular kwano, babu mai agogon auna gudu. Idan ka tsayar da ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi kilomita nawa ya yi a bara, dariya zai yi maka, ya ce ai shi gona yake zuwa.

A wasu ƙasashe kuwa wannan tambaya babba ce. Masu hawa keke don nishaɗi da motsa jiki suna da manhajoji a wayoyinsu, irin su Strava, da ke rubuta kowace tafiya. Idan shekara ta ƙare sai kowa ya fito da jimillarsa, a gwada da ta abokai, a kuma gwada da ta gwanayen tsere. Mu ma muna so mu yi wannan gwaji, amma daga namu ɓangaren. Muna so mu ɗora tafiyar iyayenmu da kakanninmu a ma'auni ɗaya da ta waɗanda duniya ta rubuta sunayensu.

Kafin keke

Auyo tsohon gari ne. Labarin da aka gada yana haɗa kafuwarsa da ta Shira da Tashena, a kan cewa 'yan'uwa uku ne suka kafa su. Auyokawa suna da harshensu na kansu, wanda yanzu ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, garin ya shiga ƙarƙashin masarautar Haɗejiya. A duk tsawon wannan zamani, tafiya iri huɗu ce: ƙafa, jaki, doki ga mai hali, sai kwalekwale idan kogi ya kawo ruwa.

Mutanen wancan lokaci ba da mil ko kilomita suke awon hanya ba. Da zango suke awo, da kwana, da lokutan salla. Akan ce gari kaza tafiyar hantsi ce, gari kaza sai an yi azahar a hanya, gari kaza kwana biyu. Daga Haɗejiya zuwa Kano kusan kilomita 200 ne, ayarin jakuna da kaya kan share mako guda ko fiye a kai. Fataken goro da ke zuwa Gwanja watanni suke yi a tafiya ɗaya, masu niyyar Makka a ƙasa kuwa shekaru. Saboda haka doguwar tafiya ba baƙuwarmu ba ce. Abin da keke ya kawo shi ne ya gajarta ta, ya sa talaka ya je ya dawo ya kwana a ɗakinsa.

Yadda dokin ƙarfe ya iso

Keke bai tsufa sosai ba. A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera na katako mai ƙafa biyu, wanda ake turawa da ƙafa a ƙasa. A shekarun 1860 aka sa masa feda a Faris. Siffar da muka sani yau, tayoyi biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, ta fito ne a 1885 daga hannun John Kemp Starley a garin Coventry na Ingila. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska. A daidai waɗannan shekaru ne kamfanin Raleigh ya tashi a Nottingham, wanda daga baya bakinmu ya mayar da shi Rali.

Keke ya shigo ƙasar Hausa ne a bayan Turawan mulki. Haɗejiya ta faɗa hannunsu a watan Afrilun 1906, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma reshensa ya kai Nguru, ya ratsa ta Malam Madori. Wannan tasha ita ta zama ƙofar ƙasar Haɗejiya. Ta nan gyaɗa da fatu ke fita, ta nan kayan kantunan Turawa irin su UAC da John Holt ke shigowa, har da kekuna.

Da farko keke na ma'aikata ne: malaman makaranta, malaman haraji, masinjoji, ma'aikatan asibiti da na gona, da 'yan kamashon gyaɗa masu bin ƙauyuka. Sannu a hankali manomin da ya sayar da gyaɗa da daraja ya soma sayen nasa. Hukumar En'e ta sa masa lasisi, ana biya ana maƙala lamba. Dattawa har yau suna tuna yadda 'yan doka ke kama mai goyo, ko mai tafiyar dare ba fitila. Tallan Rali da ya zagaye Afirka yana nuna wani mutum yana murmushi a kan keke, zaki na bin sa bai cim masa ba. Daga baya kamfanin ya buɗe masana'anta a Kano, sannan Phoenix ta ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka shigo da araha.

Keke ya shiga harshenmu har ya haifi 'ya'ya. Duk wata na'ura mai juyawa sai muka kira ta da sunansa: keken ɗinki, keken rubutu, keken guragu. Ya haifar da sana'o'i: mai faci da robar ruwansa da famfonsa a gindin bishiya, mai gyaran sifok, mai ba da haya ga yara a kan 'yan kwabbai. Yawancinmu a keken haya muka koya, ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya domin ba mu kai sirdi ba, kuma da yawanmu muna da tabon a gwiwa.

Masu ƙirga shekara

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, 1911, wata mujallar masu keke a Ingila ta sa gasa: wa zai fi kowa nisan tafiya a shekara guda? Marcel Planes ya ci, da mil fiye da 34,000. Daga nan abin ya zama gasar da ake ta karya tarihinta, musamman a shekarun 1930, lokacin da kamfanonin keke ke ɗaukar nauyin mahaya don su nuna ƙarkon kayansu. A 1938 wata mata, Billie Dovey, ta yi mil 29,603, ta kafa tarihin mata.

Sai Tommy Godwin. An haife shi a 1912 a Stoke-on-Trent, gidan talakawa. Tun yana ɗan shekara 12 yake aikin kai wa mutane kayan kanti a kan wani keke mai nauyi, wato ɗan aike ne kamar yaran da muke gani a kasuwanninmu. Ranar 1 ga Janairun 1939 ya hau keke da niyyar kada ya huta sai shekara ta ƙare. A wannan watan ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Sarki Usman kuma yana kan gadon Haɗejiya. Godwin ya yi ta tafiya cikin sanyi da ƙanƙara. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a watan Satumba, aka hana kunna fitilu da dare, ya ci gaba da 'yar fitila dishi-dishi. Da shekara ta cika ya yi mil 75,065, wato kilomita 120,805. Idan aka raba, kilomita 331 ke nan kowace rana. Kewayen duniya kilomita 40,075 ne, don haka ya zagaye ta sau uku. Bai tsaya nan ba sai da ya cika mil 100,000 a kwana 500, a watan Mayun 1940. Yawancin tafiyar nan a kan Rali ya yi ta, sunan da ke manne a goshin keken kakanninmu.

Tarihinsa ya tsaya fiye da shekara 75, sai a Janairun 2016 Ba'amurke Kurt Searvogel ya wuce shi da mil 76,076. Ba a daɗe ba wata matashiya, Amanda Coker, ta shafe su duka. Daga Mayun 2016 zuwa Mayun 2017 ta yi mil 86,573, wato kilomita 139,326, yawanci tana zagaya hanya ɗaya mai kimanin kilomita 11 a wani gandun shaƙatawa a jihar Florida. Kullum kilomita 381. Kamar mutum ya tashi daga Haɗejiya ya je Kano ya dawo ne, gobe ma haka, jibi ma haka, har shekara ta zagayo.

Waɗannan su ne ƙololuwa. A ƙarƙashinsu akwai ƙwararrun 'yan tsere, masu cin abinci da keke, waɗanda sukan yi wajen kilomita 30,000 a shekara tsakanin atisaye da gasa. Babbar gasarsu ta Faransa, wadda aka fara a 1903, kusan kilomita 3,500 ce a mako uku. A can ƙasa kuma akwai mai hawa don nishaɗi. Ma'aikacin da ke fita kowace Asabar ya yi kilomita 50, a shekara ya yi 2,600. Idan ya ƙara da Lahadi, ya haura 5,000, kuma a cikin abokansa za a ce da shi mai himma.

Mu yi namu lissafin

To, ina mutumin Auyo yake a wannan jeri? Lissafin ba shi da wuya, kowa na iya yi da wayarsa.

Mu ɗauki manomin da gonarsa ta tudu take kilomita biyar daga gida, ta fadama kuma a wani gefen. Ya je da safe, ya dawo azahar, ya koma da la'asar, ya dawo magariba: kilomita 20 ke nan. A da, aikin gona na damina ne kawai, amma a yankinmu yanzu noma ba ya yankewa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, aka kuma shimfiɗa aikin ban-ruwa na kwarin Haɗejiya a ƙasar Auyo, ana gama shinkafar damina sai a shiga alkama da kayan lambu da shinkafar rani. Idan manomin nan ya yi irin wannan zirga-zirga kwana 250 a shekara, ya yi kilomita 5,000. Ƙara masa zuwa kasuwa, jana'iza, suna, ɗaurin aure da gaishe da mara lafiya a ƙauyukan kewaye, sai ka ga ya doshi 6,000. Ya riga ya ninka mai fita ranar Asabar sau biyu, bai kuma taɓa ɗaukar kansa ɗan wasa ba.

Mu ɗauki ɗan kasuwar da ke kai kifi ko kayan miya Haɗejiya. Tsakanin Auyo da Haɗejiya kimanin kilomita 20 ne, zuwa da dawowa 40. Sau biyar a mako, mako 50 a shekara, kilomita 10,000 ke nan, kashi ɗaya cikin uku na abin da ƙwararren ɗan tsere ke yi. Amma ɗan tsere yakan yi ritaya kafin ya kai shekara 40, shi kuwa ɗan kasuwa sai ƙarfi ya ƙare. Idan ya yi shekara 30 a haka, ya yi kilomita 300,000, ya zagaye duniya sau bakwai da ɗoriya ba tare da ya wuce Malam Madori ba. Tsakanin duniya da wata kilomita 384,400 ne. Wanda ya fara yana ɗan 20 ya ajiye yana ɗan 60 ya wuce wannan nisa.

Kuma kilomita ba ɗaya take da kilomita ba. Keken tseren zamani bai wuce kilo bakwai ko takwas ba, yana da giya iri-iri. Keken kakanninmu ya haura kilo 20, giyarsa ɗaya, a bayansa kuma akwai buhun da ya fi mai tuƙin nauyi. Ɗan tsere kwalta yake bi, mota na biye da shi da ruwa da abinci da makaniki. Mutuminmu kunu ya sha ya fito. Ƙasarmu kuwa iri biyu ce, kowace da irin wahalarta. A kan jigawa yashi ke riƙe taya sai an sauka an tura. A fadama, da damina, laka ke cika tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi motsi. Ga tsidau da ƙaya masu huda tayar da aka yi wa faci goma. Idan ambaliya ta zo, kamar yadda ta yi wa Auyo da maƙwabtanta a 2018 da 2020 da 2022, hanya takan yanke, sai a ɗora keke a ka a ratsa ruwa, ko a sa shi a kwalekwale a haye, a ci gaba daga can. Wannan ba ya shiga lissafin kowace manhaja.

Kada kuma mu zalunci su Godwin. Tafiyar kilomita 331 kullum har shekara guda abu ne da jikin ɗan Adam da ƙyar yake ɗauka. An ce da ya gama sai da ya sake koyon tafiya da ƙafa. Babu wani manomi ko ɗan kasuwa da ya kusa wannan, kuma ba shi da dalilin kusantarsa. Bambancin da ya fi damunmu a wani wuri yake. Godwin yana da na'urar ƙirga da aka rufe da hatimi, yana da shaidu masu sa hannu a katinsa, yana da jarida mai buga adadinsa. Shi ya sa bayan shekaru fiye da 80 muke iya faɗin abin da ya yi har zuwa mil na ƙarshe. Mutanenmu sun yi tasu tafiyar ba shaida, ba takarda. Kayan da suka ɗauko su suka cika kasuwar Haɗejiya, yaran da suka goya su ne malamai da likitocin yau, amma idan aka buɗe littafin tarihi, doki da jirgin ƙasa da mota kawai ake gani.

Faɗuwar daraja da dawowa

Darajar keke ta fara raguwa ne da kuɗin man fetur. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, ma'aikaci ya ajiye Rali ya sayi babur. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya haifar da acaɓa, daga baya baburan ƙasar Sin da na Indiya masu araha suka cika ƙauyuka. Abin da a da ango ke wankewa ya goge ya rataya masa ado, sai ya koma alamar rashi. Saurayi ya gwammace ya ci bashin kuɗin acaɓa da ya je zance a keke. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har yana hawa zuwa ofis a Abuja. Da mota ta ture shi ya faɗa kwata, abin dariya ya zama a jaridu, maganarsa ta bi ruwa.

Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, farashi ya ninka ya sake ninkawa. A garuruwanmu an ga abin da ya biyo baya: an zaro tsofaffin kekuna daga zaure, an kakkaɓe, an kai wa mai faci. Malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci sun koma abin da kakansu ya hau a zamanin En'e. Sai dai da yawa sun koma ne da sunkuyar da kai, kamar wanda aka rage wa muƙami.

A daidai wannan lokaci sauran Afirka na ɗaga keke sama. Burkina Faso tana gudanar da gasarta ta zagayen ƙasa tun 1987. A 2024 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a gasar Faransa. A shekarar ce kuma Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik a Faris, har ta shiga ɗaya daga cikin wasannin da keken da tawagar Jamus ta ara mata. A Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar duniya ta tseren keke a kan titi, karo na farko a Afirka. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2018 ta keɓe 3 ga Yuni a matsayin ranar keke. Yaron da ke tura buhun shinkafa daga fadama zuwa gari kullum yana da ƙafa da huhun da mai horarwa zai yi murna da su, amma babu wanda ya taɓa riƙe masa agogo.

Ba muna cewa kowa ya jefar da babur ba. Mai naƙuda da mara lafiya mota suke buƙata, kuma hanyoyin ƙauyukanmu suna bukatar gyara ko da wa zai bi su. Abin da muke cewa shi ne, abin da ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadi. Ana shimfiɗa titi ba a bar wa mai keke gefe ba, domin a takarda babu shi. Manyan motoci na kora shi cikin rami, idan an kaɗe shi a ce tsautsayi. Ɗaliban da ke tafiyar kilomita bakwai ko takwas a ƙasa zuwa sakandare, maza da mata, keke zai mayar musu da tafiyar awa biyu ta koma rabin awa, amma da wuya a ji an sa shi a cikin kasafi.

Akwai aikin da ba sai mun jira hukuma ba. Masu wannan tarihi suna nan da rai, amma suna ƙarewa. A kusan kowace unguwa a Auyo, Kafin Hausa, Haɗejiya da Malam Madori akwai dattijon da ya yi shekara talatin yana bin kasuwanni a keke, akwai mai facin da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Wayar da muke karanta wannan rubutu da ita tana ɗaukar murya, tana kuma auna nisa a taswira. Mu zauna da su, mu tambaye su: "Baba, wace shekara kuka sayi kekenku na farko, nawa kuka saya, waɗanne kasuwanni kuke ci, sau nawa a mako?" Mu auna hanyoyin, mu ninka da shekarun, mu rubuta, mu karanta musu jimillar tun suna iya ji. Da yawansu za su yi mamaki, wasu za su ce mun ƙara gishiri. Sai mu nuna musu lissafin.